Yadda Ake Cika wa Ƙananan Yara Alƙawari

A yawancin gidajenmu na Zariya, daga cikin ganuwa har zuwa Samaru, babu wanda ake yi wa alƙawari da yawa kamar ƙaramin yaro, kuma babu wanda ake saɓa wa cikin sauƙi kamarsa. Magidancin da ba zai yarda ya wuce ranar da ya ɗibar wa mai shago ba tare da ya biya bashinsa ba, shi ne zai ce wa ɗansa ɗan shekara huɗu, “Yi shiru, zan taho maka da alewa,” alhali kafin ya kai bakin titi maganar ta fita daga ransa. Uwar da ba ta wasa da zubin adashi ita ce za ta ce wa 'yarta, “Je ki ɗauko takalminki mu tafi tare,” da yarinyar ta shiga ɗaki sai ta yafa mayafi ta sulale. Gajiya da gaggawa ne ke jawo haka, tare da zaton cewa yaro ba ya riƙe magana. Amma yaro yana riƙewa, kuma ko ya manta da alewar, ba ya manta abin da ya fahimta, wato maganar babba ba abar dogaro ba ce. Wannan fahimtar ce take dawo wa iyaye bayan shekaru, lokacin da suke so ya saurari gargaɗinsu a kan abokan banza ko yawon dare, sai su tarar maganarsu ta daɗe da yin sauƙi a kunnensa.

Addini bai ɗauki lamarin da wasa ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wata rana mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir ta kira shi yana yaro, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana zaune a gidansu, ta ce masa ya zo ta ba shi wani abu. Manzon Allah ya tambaye ta abin da ta yi niyyar ba shi, ta ce dabino, sai ya gaya mata cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Dabino ne fa ake magana a kansa, kuma tsakanin uwa da ɗan da ta haifa. Wanda ya riƙe wannan hadisi kaɗai zai gane cewa ƙanƙantar yaro ba ta rage nauyin maganar da aka yi masa.

Masu nazarin halayyar yara ma sun gwada abin. A Jami'ar Rochester da ke Amurka, Celeste Kidd da abokan aikinta sun yi gwaji da yara 28 'yan shekara 3 zuwa 5, aka buga sakamakon a 2013. An ba kowane yaro tsofaffin kayan zane, aka ce ya jira za a kawo masa sababbi masu kyau. Rabin yaran an kawo musu kamar yadda aka faɗa, rabin kuma aka dawo hannu rabbana aka ba su haƙuri, kuma sau biyu aka yi wa kowane yaro irin haka. Daga nan aka ajiye wa kowannensu alewa guda, aka ce idan ya haƙura bai ci ba har a dawo, za a ƙara masa ta biyu. Yaran da aka cika wa alƙawari sun jira kimanin minti 12 a matsakaici, waɗanda aka saɓa wa kuwa kimanin minti 3 kawai suka yi suka cinye. Yaran gwajin ba su da yawa, amma abin da ya fito ya dace da abin da duk mai lura yake gani a gida: yaron da muke kira marar haƙuri sau da yawa yaro ne da ya koyi cewa jira ba ya biya.

Rage yawan alƙawari tun farko

Matakin farko na cika alƙawari shi ne a rage yin sa. Mafi yawan alƙawuran da iyaye ke saɓawa ba da shiri aka ƙulla su ba. Kuka ne ya matsa, ko baƙi suna zaune ana jin kunya, ko ana sauri kada a makara, sai baki ya riga tunani. Magana kuwa zarar bunu ce. Saboda haka kafin uba ko uwa su ce za su yi abu, ya kamata su ɗan dakata su duba ko abin yana hannunsu, ko kuɗinsa suna aljihu yanzu ko sai albashi ya shigo ko an sayar da masara, da kuma ko ranar da za su ambata tasu ce ko ta wurin aiki. Idan amsar ba ta fito fili ba, lokacin alƙawari bai yi ba.

Akwai amsoshi na gaskiya da ke maye gurbin alƙawarin dole, kuma wajibi ne iyaye su saba da su har su zama masu sauƙi a baki. Ta farko ita ce, “A'a, yau ba za a saya ba.” Yaron zai yi kuka, kukan kuma ba zai cutar da shi ba, musamman idan an zauna kusa da shi har ya huce. Ta biyu ita ce, “Ban sani ba tukuna, bari in yi shawara da Ummanku, zan gaya maka bayan sallar Magariba.” Sai dai a lura cewa wannan ma alƙawari ne, domin an ɗauki nauyin ba da amsa a wani lokaci, kuma idan Magariba ta wuce ba a ce komai ba, an saɓa.

Haka nan ya kamata a raba tsakanin buri da alƙawari. Yaran Zariya sun saba ganin ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama suna shawagi a kan gari, kuma ba wuya yaro ya ɗaga kai ya ce, “Baba, yaushe za mu hau?” Uban da ya ce masa “kwanan nan” ya ɗora wa kansa bashin da ba shi da ranar biya. Wanda ya ce, “Ni ma ina so mu hau, amma ba ni da halinsa yanzu, kuma ban yi maka alƙawari ba,” ya bar wa yaron burinsa ba tare da ya yaudare shi ba. Yara suna gane wannan bambanci da wuri idan aka riƙa bayyana musu shi a fili.

Abin da ya shafi kuɗi ko fita daga gida kuma, kada ɗaya daga cikin iyaye ya yi alƙawarinsa da sunan ɗayan. Uwar da ta ce, “Abbanku zai saya maka keke,” ba tare da ta tuntuɓi mijinta ba, ta sa shi tsakanin kashe kuɗin da bai shirya ba da zama maƙaryaci a idon ɗansa.

A ɗaure shi da lokacin da yaro ya gane

“Anjima”, “gobe” da “wata rana” su ne ramukan da alƙawuran iyaye ke faɗawa. Yaro ɗan shekara uku ko huɗu bai san agogo ba, bai kuma tantance mako da wata ba, amma ya san kiran salla, ya san lokacin da ake dawowa daga Islamiyya, ya san Juma'a domin ranar ce ake sa masa kaya masu kyau. Da waɗannan ake auna masa lokaci. “Bayan La'asar” magana ce da zai iya riƙewa, kuma idan ladan ya kira salla shi da kansa zai zo ya tsaya a gabanka.

Idan jiran ya wuce yini ɗaya, sai a ba yaron abin da zai gani da ido. A ce yarinya 'yar shekara huɗu ta tambayi mahaifinta ranar Talata da dare:

“Abba, yaushe za ka kai ni gidan Hajiya?”

“Ranar Juma'a, idan na sauko daga masallaci mun ci abinci.”

“Yaushe ne Juma'ar?”

“Kwana uku. Kawo alli.”

Sai ya ja layi uku a jikin bango daidai tsayinta, ya ce mata kowace safiya idan ta tashi ta goge ɗaya, ranar da ta goge na ƙarshe ranar ce za su tafi. Da wannan 'yar dabara yarinyar ta daina tambaya sau goma a yini, ta koyi ƙirga, ta kuma ga da idonta cewa jira yana da ƙarshe. Shi ma uban ya ɗaure kansa, domin kullum zai wuce ta gaban layukan nan. Ga ƙananan yara sosai, kada tazarar ta wuce kwana biyu ko uku. Ɗan shekara shida ko bakwai yana iya jiran ƙarshen wata ko hutun makaranta.

A fayyace abin da aka yi alƙawarinsa ma, ba lokacin kaɗai ba. “Zan taho maka da tsaraba” a kan yaro yana iya zama mota mai batir, a kan uba kuma rake ne ko ƙuli-ƙuli. Idan aka ce, “Zan taho maka da lemo biyu daga kasuwar Sabon Gari,” babu wanda zai ji an cuce shi.

A nan ne ya kamata a tsaya a kan “in sha Allah”. Allah Ya yi umarni a Suratul Kahfi, aya ta 23 da ta 24, cewa kada mutum ya ce zai aikata wani abu gobe ba tare da ya jingina shi ga nufin Allah ba, don haka faɗinsa wajen alƙawari daidai ne, kuma ya kamata yara su taso da shi a bakinsu. Abin takaici shi ne yadda wasu iyaye suka mai da shi hanyar kuɓuta, suna faɗinsa a lokacin da suka riga suka ƙudurta cewa ba za su yi ba. Yara suna ganowa da sauri, har za ka ji ɗan shekara biyar yana cewa, “Baba, ban da in sha Allah, ka ce za ka yi.” Duk uban da ya ji haka daga bakin ɗansa ya kamata hankalinsa ya tashi, domin yaron ya fara danganta ambaton Allah da zillewa. Gyaran shi ne kada a faɗe shi sai a kan abin da aka yi niyyar yi da gaske, a kuma bayyana wa yaro ma'anarsa da misali: “Na yi niyya, na kuma shirya; idan ba rashin lafiya ko wani abu da ya fi ƙarfina Allah Ya kawo ba, za mu je.” Abin da ba za a yi ba kuwa, a ce a'a.

Bayan an ƙulla, saura tunawa. Harkokin babba suna da yawa, saboda haka babu laifi a rubuta a waya, a sa ta yi ƙara kafin a tashi daga kasuwa ko ofis, ko a gaya wa uwargida ta tuna. Abu mafi muhimmanci shi ne a cika ko da yaron ya manta. Iyaye da yawa sukan ji daɗi idan yaro bai tambaya ba, su ɗauka bashin ya faɗi, alhali wannan ce damar da ta fi kowace daraja. Idan uba ya kira ɗansa ya ce, “Ka tuna jiya na ce zan gyara maka tayar kekenka? To kawo shi,” yaron ya koyi cewa maganar mahaifinsa tana tsaye ko ba a bi ta da naci ba, kuma daga nan nacin kansa yake raguwa.

Sharaɗi da barazana

Alƙawari mai sharaɗi yana da amfani idan an tsare ƙa'idarsa. Ana iya ce wa yaro idan ya haddace izu ɗaya za a ɗinka masa sabuwar riga, amma tilas sharaɗin ya zama abin da yake iya yi, kuma da zarar ya cika nasa a cika masa ba tare da an ƙaro wani sharaɗi ba. Yaron da ya kawo haddarsa aka ce masa, “To saura ka zo na ɗaya a boko,” an nuna masa cewa ƙoƙari ba ya kai mutum ko'ina. Ya fi kyau a rataya ladan a kan abin da ke hannun yaron, kamar zama ya yi tilawa kullum bayan Asuba, maimakon matsayi a aji wanda ya danganta da ƙoƙarin sauran yara. Kada kuma a soke alƙawarin da ya riga ya tabbata saboda wani laifi na daban. Idan an ce za a kai shi kallon hawa, sannan ya fasa kofi, a yi masa hukuncin kofi daban, a bar hawa a inda yake.

Alƙawarin da ake yi don a sayi shirun yaro mai birgima a ƙasa shi ne mafi muni, ko da an cika shi, domin yana koya masa cewa birgima ce kuɗin sayen abin da yake so.

Barazana ma alƙawari ce. Uwar da take cewa kullum, “Wallahi idan ka sake zan karya ka,” ba za ta karya shi ba, shi ma ya sani, ga kuma rantsuwa da aka zubar a banza. Dodo da ɗan sanda da mai allura da ake kira wa yaro duk ba sa zuwa, sai dai su bar masa tsoron duhu da tsoron asibiti. A faɗi hukunci ƙarami wanda za a iya zartarwa ba tare da cutarwa ba, kamar hana shi fita wasa da yammacin ranar, sannan a zartar da shi cikin natsuwa.

Fita unguwa, allura da kuɗin barka da Sallah

Sulalewa daga gida ita ce yaudarar da aka fi yi wa 'yan shekara biyu da uku, kuma ita ce take sa yaro ya manne wa uwarsa ko banɗaki za ta shiga, domin ya koyi cewa da ya kau da ido za ta ɓace. Abin da ya dace shi ne uwa ta durƙusa daidai tsayinsa ta ce, “Zan je asibitin Shika dubiya, ba a shiga da yara. Za ka zauna da Goggo, zan dawo kafin Magariba.” Ta yi masa sallama ta fita ko yana kuka, kada ta tsaya jan magana a bakin ƙofa, sannan ta yi iya ƙoƙarinta ta dawo a lokacin da ta faɗa, ta kuma ce masa, “Ka ga na dawo kafin Magariba kamar yadda na ce.” Kwanakin farko akwai wuya, amma idan aka dage kukan rabuwar yana raguwa, saboda yaron ya samu abin da zai riƙe. A ƙara wa lokacin dawowa 'yar rata saboda cunkoson hanya da jiran Keke Napep. Gara a dawo kafin lokaci da a dawo bayansa.

A wurin allura kuma, kada a ce masa babu zafi, kada kuma a ce yawo za a je. A gaya masa cewa za a yi masa allura, za ta yi zafi kaɗan na ɗan lokaci, an yarda ya yi kuka, kuma za a riƙe shi har a gama. Yaron da aka gaya wa gaskiya zai yi kukan allura kaɗai. Wanda aka yaudara zai haɗa da kukan yaudarar, kuma karo na gaba tun daga ƙofar gida za a fara kokawa da shi.

Sai maganar kuɗin barka da Sallah, wadda kusan kowane babba a yau yana da labarinta. Yaro ya sha yawon gidajen dangi daga Tudun Wada zuwa Ƙofar Doka, ya dawo da sababbin takardun naira 200 da 500 a aljihun sabuwar rigarsa, sai uwa ta ce, “Kawo in ajiye maka,” daga ranar kuma ba a sake jin labarinsu ba. Mutane sun mai da abin na dariya, amma a gaskiya amana ce aka karɓa, kuma ita ce amana ta farko da yaro yake ba wani a rayuwarsa. Hanyar da ta dace ita ce a ƙirga kuɗin a gabansa, a rubuta adadin a takarda ko a bayan littafinsa, a sa su a asusu ko a wani wuri da ya sani, a kuma yi shawara da shi a kan abin da za a saya: takalmi, jakar makaranta, ko 'yar kaza da zai riƙa kiwo. Idan gida ya shiga matsi har ana buƙatar kuɗin, wanda yakan faru kuma ba abin kunya ba ne, a nemi rance a wurinsa da baki: “Zan ari kuɗinka in yi cefane, zan mayar maka ranar da Abbanku ya karɓi albashi.” Idan ranar ta zo a mayar a gabansa, a sake ƙirgawa. Yaron da aka yi wa haka ya ga yadda ake cin bashi da yadda ake biya tun kafin ya san sunan abin.

Idan an kasa cikawa

Duk tsantsenin mutum, wata rana abin zai gagara. Ruwan Agusta zai iya hana zuwa Dutsen Kufena, tela zai iya saɓa ranar kayan Sallah, albashi zai iya makara, kuma akwai shekarun da aka soke hawan Sallah ɗungurungum bayan yara sun gama sa rai da ganin dawakin hawan Bariki da na Daushe. Abin da iyaye suka yi a irin wannan rana yana koya wa yaro abin da cikawar ma ba ta koya masa.

A riga yaron magana. Da zarar an san abin ba zai yiwu ba a kira shi a gaya masa, kada a bari sai ya yi wanka ya sa kaya ya zauna a zaure yana jira. A faɗi dalilin gaskiya a taƙaice daidai hankalinsa, ba tare da ƙirƙiro wata ƙaryar don rufe ta farko ba, kuma ba tare da an ɗora wa wani laifin da ba nasa ba. Sannan a ba shi haƙuri da baki: “Na yi maka alƙawari, ban samu cikawa ba, ka yi haƙuri.” Wasu iyaye suna ganin ba wa yaro haƙuri zubar da girma ne. Ni a ganina girman da ke zubewa saboda an ba ɗan shekara biyar haƙuri bai kafu ba tun asali, kuma yaron da bai taɓa jin babba ya ce “ka yi haƙuri” ba, da wuya ya iya faɗa wa matarsa ko abokin cinikinsa idan ya girma.

A bar shi ya ji haushi. Idan ya yi kuka ko ya ɗaure fuska, kada a ce masa marar godiya, kada a shiga lissafa masa abincin da yake ci da kuɗin makarantar da ake biya. Yana da hakkin jin zafin abin da ya sa rai a kai ya rasa. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne zagi ko jifa, wannan kuwa a tsawata.

Haƙuri kaɗai kuma bai wadatar ba. A gwajin nan na Amurka, wanda ya dawo hannu rabbana ya ba yaran haƙuri, amma duk da haka sun daina yarda da maganarsa. Abin da ke dawo da yarda shi ne sabuwar rana tabbatacciya wadda aka cika. Don haka a sa wani lokaci na kusa wanda ake da iko a kansa, a kuma ɗauke shi da muhimmanci fiye da na farko, domin saɓawa ta biyu a kan abu ɗaya tana rusa abin da za a daɗe ba a gyara ba. Idan abin ya gagara gaba ɗaya, kamar keken da kuɗinsa suka tafi wajen magani, a faɗa masa a fili cewa ba zai samu ba a bana, a ba shi zaɓi tsakanin ƙananan abubuwa biyu da ake da halinsu. Kada a bar shi yana ta jiran abin da aka san ba ya zuwa.

A gidan yawa

Ɗa na kowa ne, saboda haka ba iyaye kaɗai ke yi wa yaro alƙawari ba. Kawu zai zo ya ce zai tafi da shi Kaduna hutu, baƙuwa za ta ce za ta aiko masa da 'yar tsana, duk don a faranta masa rai na minti biyar. Ba a iya hana manya magana, kuma bai dace a kunyata su a gaban yaro ba, amma ana iya jan ƙani ko ƙanwa gefe a ce, “Don Allah idan ba ka tabbatar ba kada ka faɗa masa, yana riƙewa.” Ga iyaye da kakanni kuwa sai a bi ta lallashi, ko a cika a madadinsu idan abin ƙarami ne, a ce wa yaron saƙon Hajiya ne bayan an sanar da ita. Idan baƙo ya tafi da alƙawarin da aka san ba zai cika ba, a sassauta wa yaron tun da wuri: “Kawu yana so ya kai ka, amma bai tabbatar ba, kada ka sa rai sosai.”

Mai mata fiye da ɗaya yana da ƙarin nauyi, domin alƙawarin da aka cika wa 'ya'yan wannan ɗaki aka saɓa wa na wancan yana shuka 'yan'ubancin da zai iya kaiwa har ranar rabon gado. A hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, Manzon Allah ya yi umarni da a ji tsoron Allah a yi adalci tsakanin 'ya'ya, kuma a kan kyautar da uba ya yi wa ɗa guda ya bar sauran maganar ta taso. Kafin uba ya yi wa ɗaya alƙawari, ya lissafa ko zai iya yi wa sauran makamancinsa. Uban da ke aiki a wani gari, ko wanda ya rabu da uwar yaran, ya fi kowa buƙatar kiyaye ranar da ya ce zai zo ko zai kira waya, domin yaron da ba ya ganin mahaifinsa kullum ba shi da abin da zai auna matsayinsa da shi sai wannan rana.

Lokacin da yaro ya fara yin nasa

Daga wajen shekara huɗu zuwa biyar ana iya fara neman yaro ya ɗauki ƙananan alƙawura da bakinsa: zai mayar wa ƙanwarsa abin wasanta idan an kira La'asar, zai ba kaji ruwa kafin ya tafi makaranta. A sa shi ya faɗa da kansa maimakon ya gyaɗa kai kawai, a tuna masa sau ɗaya idan lokacin ya yi, idan ya cika kuma a ambaci abin da ya yi daidai: “Ka ce za ka yi, ka kuma yi.” Ana iya ba shi labarin Annabi Isma'ila, wanda Allah Ya yabe shi a Suratu Maryam, aya ta 54, da cewa mai gaskiyar alƙawari ne. Kada a tilasta masa alƙawarin da ya fi ƙarfinsa, irin su ba zai sake fitsarin kwance ba ko ba zai sake yin faɗa ba har abada, domin zai saɓa ba da son ransa ba, ya kuma saba da saɓawar. Idan ya kasa cika wanda yake iyawa, kada a kira shi maƙaryaci. A bi da shi ta hanyar da ake bi idan babba ya kasa, wato ya faɗi abin da ya hana shi, ya ba wanda ya saɓa wa haƙuri, ya sa sabon lokaci.

Wata rana kuma yaron zai tsare mahaifinsa ya ce, “Abba, ai ka yi alƙawari.” Kada a ɗauki wannan a matsayin rashin kunya muddin cikin ladabi ya faɗa. A saurare shi, idan da gaskiyarsa a ce masa da gaskiyarsa, a gaya masa lokacin da za a cika; idan kuma ba alƙawari aka yi ba, buri aka faɗa, a tuna masa ainihin kalmomin da aka yi amfani da su.